Ko Shaƙar Oksijin A Ɗakin Matsin Iska Zai Iya Magance Ciwon Damuwa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon tsananin damuwa a duniya, kuma wani kaso daga cikinsu ba sa samun sauƙi daga magungunan da aka saba bayarwa. Wannan ne ya sa masu bincike ke gwada wasu hanyoyin, ciki har da shigar da majinyaci ɗakin ƙarfe mai matsin iska domin ya shaƙi zallar oksijin. Tambayar ita ce ko hanyar tana aiki, kuma mene ne amfaninta ga mazaunin ƙauye irin Bauranya da ke yankin Kankiya da Kusada a Jihar Katsina.

Yadda abin yake aiki

Iskar da mutane ke shaƙa kullum, kashi 21 cikin 100 ne kacal oksijin. A wannan ɗaki kuwa, majinyaci na shaƙar kusan zallarsa na tsawon sa'a ɗaya zuwa biyu, bayan an ƙara matsin iska ya ninka na waje sau biyu zuwa uku. Jajayen ƙwayoyin jini dama a cike suke da oksijin, saboda haka rarar tana narkewa ne cikin ruwan jini, kamar yadda ake matse iska cikin lemon kwalba. Ta haka oksijin ke kaiwa ga sassan jikin da jini ba ya isa sosai.

Likitoci sun daɗe da amincewa da hanyar wajen ceton masu nutso cikin teku da suka taso da gaggawa, da waɗanda suka shaƙi guba irin ta hayaƙin janareto ko gawayi a rufaffen ɗaki, da kuma gyambon ƙafar masu ciwon suga da ya ƙi warkewa.

Abin da bincike ya nuna

Masu goyon bayan hanyar na ganin yawan oksijin zai iya rage kumburi a ƙwaƙwalwa tare da taimaka wa sababbin hanyoyin jini su tsiro. Tawagar Farfesa Shai Efrati ta Asibitin Shamir da ke Isra'ila ta wallafa sakamako a 2022 da ke nuna sauƙi ga tsofaffin sojojin da firgicin yaƙi ya addaba, bayan zama 60 a ɗakin. Sai dai mutanen ba su da yawa, kuma firgicin yaƙi ne aka sa a gaba, ba ciwon damuwa shi kaɗai ba.

Wani gwaji a kan sojojin Amurka masu raunin ƙwaƙwalwa, wanda aka wallafa a 2015, ya jefa shakku. An raba su: wasu sun shaƙi oksijin da cikakken matsi, wasu an shigar da su ɗakin da iska ta yau da kullum da ɗan matsi kaɗan ba tare da sun sani ba. Duka rukunonin biyu sun ce sun ji sauƙi kusan daidai wa daida. Hakan na nuna cewa kulawar ma'aikata kullum da sa rai da waraka na iya zama tushen sauƙin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta saka ciwon damuwa cikin cututtukan da ta amince a yi wa wannan magani ba.

Tarihi ma ya bar darasi. A 1928 Dakta Orval Cunningham ya gina katafaren ɗakin ƙarfe mai hawa biyar a birnin Cleveland, yana iƙirarin warkar da ciwon suga da kansa da matsin iska. Ya kasa kawo hujja, daga bisani aka rushe ginin aka sayar da ƙarafunan.

Akwai kuma haɗari: matsin na iya yi wa dodon kunne lahani, yawan oksijin na iya jawo farfaɗiya, sannan tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. A Janairun 2025 wani yaro ɗan shekara biyar ya rasu a jihar Michigan lokacin da irin wannan ɗaki ya kama da wuta.

Abin da ya fi gaggawa a Katsina

Jihar da ta kwashe shekaru tana fama da hare-haren 'yan bindiga da garkuwa da mutane, ciki har da sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, ba za ta rasa masu fama da firgici da damuwa ba. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma akasarinsu a manyan birane suke. Mai neman ƙwararre daga Bauranya sai ya biya kuɗin mota zuwa Katsina ko Kano, ko asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato. Da yawa kan tsaya wurin masu ruƙiyya, domin ana danganta ciwon da aljanu ko sammu.

Hanyoyin da aka tabbatar ba su buƙatar ɗakin ƙarfe. Magunguna irin su amitriptyline da fluoxetine suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Shirin hukumar na mhGAP, wanda aka ƙaddamar a 2008, yana horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon su kuma kula da shi. Garin Kankiya kansa na da makarantar horar da irin waɗannan ma'aikata.

A Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Abin da ya rage wa masu zaɓe shi ne su tambayi wakilansu nawa aka ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa a kasafin jiha, ma'aikata nawa aka horar a Kankiya da Kusada, kuma ko akwai maganin a asibitin mazaɓa mafi kusa.