Tarihin Yaƙe-yaƙen Sin Ya Zama Haja: Darasi Daga Shagunan Wasan Bidiyo na Mpape

Abuja — Garin Mpape, wanda ke kan duwatsu a bayan unguwar Maitama, cikin Ƙaramar Hukumar Bwari ta Birnin Tarayya, ya yi suna ne da sana'ar fasa dutse. Daga nan aka ɗebi tsakuwa mai yawa da aka gina Abuja da ita, kuma a nan ne dubban leburori, direbobi, masu gadi da ƙananan ma'aikata suke kwana, saboda kuɗin haya a tsakiyar birni ya fi ƙarfinsu. Sai dai akwai wata ƙaramar sana'a da ba a cika sanya ta cikin lissafi ba idan ana maganar tattalin arzikin garin, wato shagunan wasan bidiyo, waɗanda matasa ke kira gidajen gem.

Tsarin sana'ar iri ɗaya ne da na Nyanya, Kubwa ko unguwannin Kano: ɗaki guda, akwatunan talabijin biyu ko uku, na'urorin PlayStation waɗanda galibinsu na hannu ne, benci da janareta. Mai shago yana karɓar kuɗi ne a kan kowane wasa ko a kan 'yan mintoci. Wasan ƙwallon ƙafa ne ke kan gaba wajen kawo ciniki, amma a bayansa akwai wasannin faɗa da na yaƙi. Daga cikinsu akwai wani nau'i da ya cancanci nazarin 'yan kasuwa, domin ya nuna yadda tarihin wata al'umma ke iya zama jarin da ake ta juyawa shekara da shekaru ba tare da ya ƙare ba.

Wannan nau'i shi ne wasan sara da suka, inda mai wasa ke zaɓar jarumi guda, ya riƙa masa takobi ko mashi, ya kutsa cikin rundunar abokan gaba yana kāda su ɗari bayan ɗari, na'ura tana ƙirga masa adadin a gefen allo. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Dynasty Warriors, mallakar kamfanin Koei Tecmo da ke birnin Yokohama na ƙasar Japan.

Tushen labarin wasan tarihi ne na gaske. A shekarar 184 Miladiyya, manoma suka yi wa daular Han ta ƙasar Sin bore, abin da aka sani da boren masu rawaya a ka. Daga nan mulki ya raunana, sarakunan yaƙi suka yi ta gwabzawa, har ƙasar ta rabu gida uku, wato Wei, Shu da Wu, tsakanin shekarar 220 da 280. Shahararren yaƙin da ya share fagen wannan rabuwa shi ne na Jajayen Duwatsu a gabar kogin Yangtze a shekarar 208, inda rundunonin Liu Bei da Sun Quan suka haɗa kai suka ƙone jiragen ruwan Cao Cao. Masanin tarihi Chen Shou ya rubuta labarin a ƙarni na 3, sa'annan a ƙarni na 14 aka mayar da shi ƙagaggen littafi wanda ake jingina wa Luo Guanzhong. Daga wannan littafi ne jarumai irin su Guan Yu da Lu Bu, da mai dabarar yaƙi Zhuge Liang, suka zama sanannu a duk gabashin Asiya.

Abin lura a nan shi ne, littafin da ya kai shekara 600 ba shi da mai haƙƙin mallaka. Kowa na iya ɗauka ya sarrafa. Waɗanda suka fara ganin ribar hakan a fagen wasan kwamfuta kuwa ba Sinawa ba ne. Yoichi Erikawa da matarsa Keiko ne suka kafa kamfanin Koei a shekarar 1978 a garin Ashikaga, kuma asalin sana'ar gidan su Yoichi ita ce sayar da kayan rini. Da kasuwar rini ta ja baya, sai ya koma rubuta manhajar kwamfuta. A 1983 ya fitar da wasa a kan sarkin yaƙin Japan, Oda Nobunaga, a 1985 kuma ya fitar da na dauloli uku na Sin, wanda wasan dabarun mulki ne da tsara runduna.

A shekarar 1997 ne wani sashe na kamfanin mai suna Omega Force ya fitar da Dynasty Warriors na farko, wanda faɗa ne tsakanin mutum biyu. Sauyin da ya kawo arziki ya zo ne a shekarar 2000, lokacin da na'urar PlayStation 2 ta fito da ƙarfin nuna sojoji da yawa a allo lokaci guda. Kashi na uku, na shekarar 2001, ya sayar da kwafi fiye da miliyan ɗaya a Japan, kuma shi ne ya ba mutum biyu damar yin yaƙi tare a talabijin ɗaya. Wannan ƙaramin sauyi yana da muhimmanci ga mai shago, domin na'ura guda za ta ɗauki abokan ciniki biyu a zama ɗaya.

Dabarar kasuwancin kamfanin a bayyane take. Labarin bai sauya ba: kowane sabon kashi yana farawa ne da boren shekarar 184, ya bi ta yaƙin Jajayen Duwatsu. Abin da ake ƙarawa shi ne sababbin jarumai, kyawun hoto da yawan sojoji. Bugu da ƙari, bayan galibin kashin wasan akan fitar da ƙarin faifai a ƙarƙashin sunan Xtreme Legends ko Empires, ta yadda haja ɗaya ake sayarwa sau biyu ko uku. Ya zuwa shekarar 2020, jerin wasannin ya sayar da kwafi sama da miliyan 21. Haka kuma kamfanin ya riƙa ɗora labaran wasu a kan wannan tsari nasa, kamar Samurai Warriors a 2004 da Hyrule Warriors da ya yi da kamfanin Nintendo a 2014. A shekarar 2009 Koei ya haɗe da kamfanin Tecmo.

Amma kasuwa ba ta da tabbas. Kashi na tara da ya fito a 2018 ya sha suka daga masu saye, saboda an faɗaɗa filin wasan ya zama fili fetal babu armashi. Kamfanin ya ɗauki kusan shekara bakwai kafin ya dawo da Dynasty Warriors: Origins a watan Janairun 2025, wanda ya haura kwafi miliyan ɗaya cikin 'yan makonni.

Ita kuwa ƙasar Sin, mai tarihin, ta haramta sayar da na'urorin wasan bidiyo a shekarar 2000, ba ta fara sassautawa ba sai 2014, ta kuma ɗage haramcin gaba ɗaya a 2015. A tsawon wannan lokaci, baƙi ne suka yi ta cin moriyar tarihinta a wannan fage. Ko a 2019, kamfanin Creative Assembly na Ingila ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya na Total War: Three Kingdoms cikin mako guda, kuma Sinawa na cikin manyan masu saye. Sai a watan Agustan 2024 ne kamfanin Game Science na Sin ya rama, da wasan Black Myth: Wukong, wanda aka gina a kan wani tsohon littafin Sin na daban, ya sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku. Girman wannan kasuwa ne ya sa asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya sayi hannun jari na kimanin kashi 5 cikin ɗari a kamfanonin Japan irin su Nintendo da Capcom a shekarar 2022.

Mai shagon Mpape shi ne a ƙarshen wannan doguwar sarƙa, kuma shi ne mafi ƙarancin rabo. Tarihin na Sin ne, wasan na Japan ne, na'urar galibi a masana'antun Sin ake harhaɗa ta, farashinta da dalar Amurka ake yanke shi, amma cinikinsa da Naira yake yi, a hannun 'yan makaranta da masu aikin yini. A watan Mayun 2023, dala ɗaya tana kusan N460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura N1,500. An sa wa Origins farashin dala 70 lokacin fitowarsa, wato sama da N100,000 a canjin wancan lokaci, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin 2024 shi ne N70,000. Ke nan wasa ɗaya ya fi albashin wata guda, ba a ma zo batun na'urar PlayStation 5 ba, wadda ta fito a 2020 a kan dala 499.

Ga kuma kuɗin wuta. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa N537 a Abuja, ta kai N617 a watan Yuli, ta kuma haura N1,000 a Oktoban 2024. Shagon da ya dogara da janareta ba zai iya ɗora duk wannan ƙari a kan yaran da ke biya da canjin aljihu ba. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin na'urori, har da PlayStation 2 da aka daina ƙerawa tun farkon 2013, suka daɗe suna aiki a irin waɗannan shaguna, tare da tsofaffin wasanninsu. Da yawa daga cikin wasannin kwafi ne da ba na asali ba, abin da ya saɓa wa dokar haƙƙin mallaka da aka sabunta aka sa wa hannu a 2023, kuma wanda ke hana sana'ar samun rance ko girma a fili.

Akwai kuma matsalar da ta keɓanta da Mpape, wato rashin tabbas a kan matsuguni. A shekarar 2012 hukumomin Birnin Tarayya suka sanar da shirin rushe gine-ginen garin, mazauna suka garzaya kotu, kuma sai a 2017 Babbar Kotun Birnin Tarayya ta yanke hukuncin da ya ba su gaskiya. A watan Satumban 2018 kuma aka ji motsin ƙasa a yankin, abin da ya sa aka dakatar da fasa duwatsu na wani lokaci. Duk ranar da aikin dutse ya tsaya, aljihun leburori ya bushe, masu ƙananan shaguna ne farkon ji a jikinsu.

Tambayar da ta rage ga masu jari ita ce ko ƙasar Hausa za ta ci gaba da zama mai saye kawai. Ta fuskar labari dai babu talauci. Littafin Tarihin Kano ya kawo yaƙe-yaƙen Kano da Katsina, Zazzau da Kwararrafa, ya kuma ambaci Sarki Kanajeji a matsayin wanda ya shigo da lifidi, kwalkwali da sulke. Ga Kanta na Kabi da birninsa Surame a ƙarni na 16, ga Sarauniya Amina ta Zazzau, ga basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Muƙaman Madawaki, Barde da Jarmai suna nan da ransu, kuma a watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya.

An riga an fara gwaji a nahiyar. Kamfanin Kiro'o Games na Kamaru ya fitar da wasan faɗa mai suna Aurion a 2016, wanda ya ɗauko salonsa daga al'adun Afirka, yayin da Maliyo Games da aka kafa a Legas a 2012 ya mayar da hankali ga wasannin wayar salula, har ya yi aiki da kamfanin Disney a 2024. Wayar salula ce hanya mafi sauƙin kuɗi, domin ba ta buƙatar na'urar dala ɗaruruwa ko janareta.

Sai dai wanda zai shiga wannan fage dole ya yi taka-tsantsan. Jikokin waɗanda suka yi yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa suna nan a kan sarauta, wasu yaƙe-yaƙen kuma sun shafi addini. Fim ɗin Amina da aka saki a Netflix a 2021 ya samu masu kallo, amma ya sha suka a Arewa a kan harshe da tufafin da aka yi amfani da su. Wannan ya nuna cewa jari kaɗai bai isa ba. Sai an haɗa da masana tarihi na jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero, da marubutan Kannywood, da amincewar fadodi.

Hausawa na cewa idan ɗan gari bai ci moriyar kasuwarsa ba, baƙo zai ci. Kamfanin da ya faro daga sayar da kayan rini ya shafe shekara 40 yana cin ribar tarihin maƙwabtansa, su kuwa masu tarihin sai daga baya suka farga. Tarihin Kanta da na Amina ma ba su da mai haƙƙin mallaka, kuma duk wanda ya riga tsara su, ko daga wace ƙasa yake, shi ne matasan Mpape za su biya.