Wa Ya Mallaki Zanen Cakin Banki?

A Tebaram, kuɗin 'yan bida sun fi zuwa ta kamfanonin aika kuɗi na Nita ko Al Izza, ko ta hannun ɗan'uwan da ya dawo daga Abijan. Caki kuwa sai ɗan kwangilar da ya gina aji ko ya haƙa rijiya, shi ma sai ya kai shi banki a Tawa kafin ya zama kuɗi. To a ce wata ƙungiya za ta ba manoma kyauta a bainar jama'a, ta je wurin mai ɗab'i ya buga mata ƙaton caki na kwali irin wanda ake ɗagawa a yi hoto. Shin ta shiga haƙƙin banki?

Amsar ta danganta da ƙasa, da kuma abin da aka kwaikwaya a jikin takardar.

Amurka ta daɗe da yanke hukunci. A 1880 Kotun Ƙolinta ta raba gardama a ƙarar iyalin Charles Selden, mutumin Cincinnati da ya wallafa tsarin rubuta lissafin kasuwanci, wani mai suna Baker ya fito da makamancinsa. Kotu ta ce bayanin da ke cikin littafi na mai shi ne, amma layuka da gurabun da ake cikewa na kowa ne. Har yau ƙa'idar ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar ta ambaci cakin banki da sunansa cikin takardun cikewa da ba a yi wa rajista. Ingila ta bi wata hanya: a 1964, a shari'ar Ladbroke da William Hill, an ba takardar cacar ƙwallon ƙafa kariya saboda ƙwarewa da wahalar da aka sha wajen tsara ta. Kotun Tarayyar Turai kuma, a shari'ar Infopaq ta 2009, ta ce ma'aunin shi ne aikin ya fito daga basirar mai shi.

Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha da aka kafa da yarjejeniyar Bangi a 1977, mai hedikwata a Yawunde. Ita ce ma ta yi wa albasar Galmi rajista. A cikin gida akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2010 da hukumar BNDA mai kula da haƙƙin a Yamai. Ma'auninsu ƙirƙira ne, kuma a nan cakin banki ba shi da abin taƙama sosai. Dokar UEMOA ta 2002 kan hanyoyin biyan kuɗi ita ta lissafa abin da dole ya bayyana: sunan takardar, umarnin biyan adadi sananne, sunan bankin da zai biya, wurin biya, rana da wurin rubutawa, sai sa hannu. Jerin nan ma gado ne daga yarjejeniyar Janeba ta 1931. Lambobin da ke ƙasan takardar kuwa don na'ura aka yi su, domin a tantance caki a tsarin babban bankin yankin, BCEAO. Abin da doka ta wajabta wa bankunan ƙasashen UEMOA takwas, da wuya banki ɗaya ya ce nasa ne.

Saura kuma fa? Tambarin SONIBANK ko na BIA alamar kasuwanci ce, tana da tata kariyar dabam. Hoto ko adon da mai zane ya ƙaga a bayan rubutun aikin fasaha ne, yana iya samun kariya ko da a Amurka. Siraran layukan nan masu sarƙaƙiya, waɗanda ido ke ɗauka kwalliya, an sa su ne don su gagari mai kwafi.

A gaskiya, ba haƙƙin zane ke kai mutum gaban alƙali a wannan harka ba. Jabu ne. Wanda ya buga takarda don a ɗauke ta caki na gaske ya aikata laifin da ke kai mutum gidan kaso, ko zanen yana da mai shi ko babu. Don haka mai ɗab'i a Tawa ya ja layukansa, ya rubuta sunan ƙungiya da adadin kyauta, amma kada ya sa tambarin banki sai da izininsa a rubuce, kada kuma ya kwafi lambar asusun kowa.