Sana'ar da Ba a Ambata a Zaman Makoki

A Kaboji, kamar sauran garuruwan ƙasar Kontagora, idan tsohuwa ta cika, shaidar da ake yi mata a zaman makoki ba ta wuce kalmomi kaɗan: ta yi haƙuri, ta riƙe zumunci, ta bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza. Duk gaskiya ne. Amma da wuya ka ji an ce wannan baiwar Allah ta shekara hamsin tana tuyar ƙuli-ƙuli, ko dafa kalwa, ko bugun man kaɗe, kuma da ribar nan ta sayi akuya, akuya ta zama saniya, saniya ta zama kayan ɗakin 'ya'yanta mata. Ana binne sana'ar tare da mai ita. A ganina wannan tauye shaida ne, domin an faɗi halinta an ɓoye aikinta, alhali da aikin ne ta iya nuna halin. Zumuncin da ake yabo, da me ta yi shi? Gudummawar biki da kwanon abincin da ake kai wa maƙwabta ba daga sama suke faɗowa ba.

Neman na kai a wurin mace ba baƙon abu ba ne da zamani ya kawo mana. Shari'ar Musulunci ta ɗora wa miji ci da sha da sutura da muhalli, ta bar wa matar sadakinta da gadonta da duk abin da ta samu, ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. A Ingila, sai a 1870 doka ta ba matar aure ikon mallakar abin da ta samu da guminta. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 ta rasu a 1951, ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau ta ba wa Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. Ba ta haifi nata ba, riƙo ta yi, amma labarinta cike yake da mata masu kaɗi da sayar da abinci da ƙawance da biki. Polly Hill kuwa, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta tarar da kasuwa sukutum a bayan katangu: matan kulle na cinikin hatsi da mai da dafaffen abinci daga gida zuwa gida, ba tare da sun taka bakin zaure ba. Ko marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwaryar amada ta yi ta kiran mata su kama sana'a.

Wani zai ce ai taro da sisi ne, bai kai a yi masa tarihi ba. To, a dubi kaɗanya. Jihar Neja na kan gaba wajen samar da ita a Nijeriya, kuma mata ne ke sammakon tsintarta da damina, su dafa, su shanya, su fasa. Wannan ƙwarar ce ke ƙarewa cikin cakulan da man shafawa a Turai. Da gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyarta na wata shida a Agustan 2025, farashi ya faɗi, kuma matan ƙauye ne suka fara ji a jikinsu. Abin da gwamnati ke kafa wa doka ya wuce a kira shi wasan mata.

Wani kuma zai ce ambaton dukiyar mace rage darajar maigida ne. Ban ga haka ba. Manomin da rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina ya san wa ya rufa masa asiri, kuma ita matar tasa ba ta taɓa fita ta yi shela ba. Kunyarta ce ta sa ta yi shiru, bai kamata mu mayar da shirun nan hujjar mantawa da ita ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na talla, kuma ba zan kauce masa ba. Kasuwar cikin gida da ƙafar yara take tafiya. Enid Schildkrout, da ta yi nazarin hakan a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda cinikin uwa ya rataya a kan 'yarta mai ɗaukar tire. 'Yan mata da yawa sun rasa aji saboda kwanon ƙosai, wasu sun gamu da abin da ya fi haka muni a kan titi. Wannan ma yana cikin labarin, dole a faɗe shi. Sai dai ba a gyara abin da aka ƙi kallo. Wanda ya san dalilin da ya sa uwa ta ɗora wa 'yarta talla, wato nauyin kayan ɗaki da rashin jari, shi ne zai san inda zai sa hannu. Kuma sau da yawa matar da ta aika 'yarta talla ita ce daga baya ta kwashi adashe ta biya wa jikarta kuɗin jarrabawa.

Waɗannan tsofaffi suna nan a tsakar gidajen Kaboji, kuma jikokinsu na riƙe da wayar da ke naɗar murya. Mary Smith da alƙalami kawai ta yi nata. Jika na iya zama kusa da kakarsa bayan la'asar ya ce, "Iya, da nawa kika fara? Wa ya koya miki? Kwana nawa kalwa ke yi a rufe kafin ta zama daddawa?"