Yadda Taliban Ta Rufe wa 'Yan Mata Kofar Makaranta a Afganistan

Afganistan ce kadai kasa a duniya da gwamnati ta haramta wa 'yan mata karatun sakandare da na jami'a. Haramcin ya zo ne daki-daki bayan da Taliban ta karbe Kabul ranar 15 ga Agustan 2021. A watan Satumba aka kira yara maza su koma makarantun sakandare, ba a ambaci mata ba. Aka ce na wucin gadi ne, har aka sa 23 ga Maris na 2022 a matsayin ranar budewa. Dalibai suka fito da littattafansu a safiyar ranar, cikin 'yan sa'o'i aka mayar da su gida. Tun daga nan yarinya ba ta wuce aji shida na firamare.

A Disamban 2022 aka hana mata shiga jami'a. Ministan ilimi mai zurfi, Nida Muhammad Nadim, ya kafa hujja da rashin cikakken hijabi, da cudanya da maza, da karanta fannoni irin su aikin gona da injiniyanci. Hujjar ba ta karbu ba ko a duniyar Musulmi: Kungiyar Hadin Kan Kasashen Musulmi ta nemi a janye dokar, Shehun Azhar Ahmad al-Tayyib kuwa ya ce ta saba wa shari'a. Ya dace mai karatu ya lura da wannan, domin sau da yawa ana lullube irin wannan danniya da rigar addini don a rufe bakin mai tambaya.

Akwai wasu dokokin kuma. An rushe ma'aikatar harkokin mata, an hana mace tafiyar da ta wuce kilomita 72 ba tare da muharrami ba, an hana ta aiki a kungiyoyin agaji. Hukumar UNICEF ta kiyasta a Maris na 2025 cewa 'yan mata miliyan 2.2 ne aka raba da karatun sakandare.

Barnar ta fi muni a fannin lafiya. A Disamban 2024 aka rufe wa mata makarantun koyon aikin jinya da ungozoma, wadanda su ne sauran kofar da ta rage. Kasa ce da a yankuna da dama ba a yarda namiji ya duba mace, kuma mace-macen masu juna biyu sun dade da yawa. Duk ungozomar da ta tsufa ko ta yi hijira, babu wata a aji da za ta maye gurbinta. Mai nakuda a wani kauye na lardin Badakhshan ce za ta fara dandana kudar wannan doka, ko da kuwa ba ta taba shiga makaranta ba.

A Yulin 2025 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama shugaban Taliban, Haibatullah Akhundzada, da alkalin alkalansu Abdul Hakim Hakkani, bisa zargin zaluntar mata saboda jinsinsu. Taliban ta ce ba ta amince da kotun ba.