Wutar solar Gider ba kyauta ba ce

Wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp tsakanin 'yan uwa a Garwa kan tashoshin sola na Gider da Marwa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma ya cika baki kamar shi ya kafa tashoshin.

Wai faifan sola na korar ruwan sama, wai kuma yana sa ciwon daji. Babu hujjar ko ɗaya, mu wuce. Cewa kamfanin na Turawa ne, wannan gaskiya ce: Release, reshen kamfanin Scatec na ƙasar Norwe, shi ya kafa su, aka ƙaddamar da su a 2023, megawat 30 a haɗe a lokacin.

Wadda ke cutar da mutane ita ce ta ƙarshe: wai tunda rana kyautar Allah ce, kuɗin wuta haram ne, kowa ya daina biya ko ya ja waya ta bayan mita. Wanda ya sha zafin Garwa a watan Afrilu ba fanka ba ruwan sanyi, sannan aka miƙo masa takardar biya, ba za a ga laifinsa ba in maganar ta shige shi. Amma ba haka abin yake ba. Kamfanin wuta na Eneo, wanda tsofaffi har yau suke kira Sonel, hayar tashoshin ya ɗauka, kuma haya biyanta ake yi. Ga batura, ga turaku da wayoyi, ga ma'aikata. Wutar da ke shiga gidanka ma ba ta sola ce zalla ba. A layi ɗaya take gauraya da ta madatsar Lagdo, mai megawat 72 in ruwan Binuwai ya cika, da ta injinan da ke shan mai. Ƙarancin ruwa a Lagdo ne ma ya sa aka nemo solar.

Wanda ya ƙi biya za a yanke masa wuta. Wanda ya ja waya a ɓoye yana jawo wa gidansa tara da gobara, mai saƙon kuwa ba zai zo kashe ta ba.

Mai saƙon ya kuma ce har yanzu ana ɗauke wuta. Nan ya yi gaskiya. Baturan tashoshin ɗan lokaci kaɗan suke riƙewa bayan faɗuwar rana, ba dare sukutum ba.