Jan Mota da Igiya a Kumasi: Wa Zai Taka Birkin Ta Baya?

Wanda ya tsaya bakin titi a Alabar da hantsi ba zai daɗe ba sai ya ga motar haya ta trotro tana jan wata trotro, ko tasi tana jan motar gida, an ɗaure su da igiya ko sarƙa, yaron mota ya leƙo ta taga yana ɗaga wa mutane hannu su kauce. Galibi Suame Magazine aka nufa, matattarar makanikan da duk Gana ta sani. Abin ya zama jiki, har ba a ɗaga kai a kalla.

Dalilin farko kuɗi ne. Direban da injinsa ya mutu kafin ya haɗa kuɗin mai mota na ranar ba zai kira janwe ba, zai kira abokinsa ne. Ga kuma tsufan motocin, yawancinsu sun gama aiki a ƙasashen waje kafin su sauka a tashar Tema.

Akwai kuma giɓin da gwamnati ta bari. Dokar hanya ta 2012, wato L.I. 2180, ta tanadi harajin janwe na dole. Aka shirya fara karɓarsa ranar 1 ga Yulin 2017, daga sidi 20 na ƙaramar motar gida har zuwa sidi 200 na manyan motocin kaya, aka kuma damƙa aikin ga kamfani guda. Jama'a suka yi ca, suna tambayar dalilin da zai sa wanda motarsa ba ta lalace ba ya biya. A watan Agusta gwamnati ta soke shirin. A tsakiyar wannan cece-kuce ne, ranar 12 ga Yuli, bas ɗin 'yan wasan Asante Kotoko ta afka wa bayan wata motar kaya a Nkawkaw, mutum ɗaya ya rasu. Sokewar ta yi daidai a ganina. Amma duk rigimar a kan wa zai biya ta ƙare, ba a zauna an tattauna yadda za a ja motar ba.

Nan ne haɗarin yake. Birkin ƙaramar mota da taimakon inji yake kamawa. Idan inji a kashe yake, taku biyu ko uku wannan taimakon ya ƙare, sai fedar ta yi tauri kamar dutse, sitiyari ma ya yi nauyi. Igiya kuwa ja kawai ta iya, ba ta tare mota. Kumasi gari ne na tudu da gangare; ta gaba na taka birki, ta baya za ta hau ta, ko ta kauce ta nufi masu tallar da suka baza kaya bakin kwalta a hanyar kasuwar Kejetia. Na manyan motoci ya fi muni. Birkinsu na iska ne, iskar na ƙarewa tayoyin baya su kulle, sai makanike ya kwance su don motar ta gangara. Daga nan babu abin da zai tsayar da ita sai wadda ke janta.

A Amurka, masu motocin da aka yi wa ɗaki da kicin sukan ja ƙaramar mota a baya idan za su yi doguwar tafiya. Jihohi da dama sun wajabta birki na daban ga abin da ake ja idan ya kai kimanin kilo 1,360, har da na'urar da za ta kama birki da kanta idan mahaɗin ya tsinke. A Ingila iyakar kilo 750 ce. Ba na cewa direban unguwar Aboabo ya sayi irin wannan na'ura, kuɗinta ya fi ƙarfinsa. Hikimar ce abin ɗauka: abin da ake ja dole ya sami hanyar tsayawa.

Maganin yana Magazine ɗin kanta. Sandar ja ta ƙarfe, wadda ke riƙe tazara tsakanin motoci biyu, aikin mai walda ne na yini guda. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta GPRTU su tanadi irinta a kowace tasha, rassan da ke kusa su haɗa kuɗi su mallaki janwe. 'Yan sandan hanya na MTTD kuma su daina barin babbar mota ta ratsa kasuwa da rana a kan sarƙa.