Shirin Musamman: Aikatau da Abin da Yake Nema



In wani ya ce maka "na sayi", ya ja bakinsa ya yi shiru, kunnenka zai tsaya jira. Ka sayi me? Amma in ya ce "na zauna", ko "yaro ya girma", magana ta cika. Irin na farko shi ne masana nahawu ke kira aikatau so-karɓau, na biyu kuwa ƙi-karɓau. Karɓau shi ne abin da aikin ya faɗa wa.

A 1960, F. W. Parsons, malami a makarantar SOAS ta Landan, ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai. Ku saurari yadda aji na biyu yake: na saya, na sayi akuya, na saye ta. Wasalin ƙarshe yana sauyawa gwargwadon abin da ya biyo baya. Na tambayi malam, na tambaye shi. Yaro ɗan shekara biyar ma haka yake faɗa, ba tare da ya taɓa jin sunan Parsons ba.

Wani aikatau kuma karɓau ɗaya ba ya isarsa. "Na ba Ladi", ka ba ta me? Sai an ce goro sannan hankali ya kwanta.

To, inda nake so mu daɗe shi ne zaɓen da ma'ana take yi. Sanda ake karyawa, tulu da ƙwai fasa su ake yi, igiya tsinkewa take, takarda kuwa a yaga ta. Wanda ya ce "ya karya tulu" bai saɓa tsarin jimla ba, amma duk Bahaushen da ya ji sai ya ɗago kai. Riga ake sawa, zane a ɗaura, rawani a naɗa, mayafi a yafa. Ana cin tuwo, ana cin ayaba, amma rake da lemu da mangwaro sha ake yi, saboda ruwansu.

Abin da ke damuna, yaranmu suna haddace ma'anar so-karɓau don jarrabawa, alhali waɗannan kalmomi suna sulalewa daga bakinsu. Malam, ka kai su gona mana. Su ji manomi na cewa roron wake, tonon rogo, cirar gyaɗa, yankan dawa, sannan ka tambaye su me ya hana a ce roron rogo.